Fitilar Jakar Iska Ta Ƙi Mutuwa: Abin da Motar Gudu Ke Faɗa wa Mai Ita

Da an murɗa makullin mota ta zamani, fitilu kan cika allon da ke gaban direba, ja da ɗorawa da kore, sannan su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu akwai wata ja mai hoton mutum zaune, ɗaure da bel, da wani ƙwallo a gabansa. A wasu motocin haruffa ne kawai, SRS ko AIRBAG. Takan yi kamar daƙiƙa shida ko bakwai a kunne, sai ta ɗauke. A ɗan wannan lokacin ne kwamfutar jakar iska ke bin duk wayoyinta tana gwadawa: jakar sitiyari, jakar fasinja, na gefen kujeru, na'urorin jin karo da ke goshin mota da ƙofofi, da abin da ke fizge bel ya manne mutum da kujera. In komai lafiya, fitila ta mutu. In ta zauna daram, ko ta riƙa ƙiftawa, ko ta dawo bayan an hau titi, to kwamfutar ta ga abin da bai yi mata ba.

A yawancin motoci, abin da ke biyo baya shi ne kwamfutar ta daina amfani da sashen da ta ga matsala a cikinsa, a wasu kuma ta kashe tsarin gaba ɗaya. Mota za ta tashi lafiya, ta yi gudu, birki ya kama, sanyi ya zuba. Babu abin da direba zai ji ya sauya. Nan matsalar take. Birki in ya fara lalacewa ƙafa za ta ji, injin in ya gaji kunne zai ji, amma jakar iska ba a gwada ta. Sau ɗaya take aiki a rayuwarta, kuma ranar da aka buƙace ta babu damar komawa gareji. Wannan 'yar fitilar ita kaɗai ce hanyar da tsarin ke da ita ta sanar da mai mota halin da yake ciki.

Abin ya fi nauyi a motar gudu, irin su Porsche Boxster, Mazda MX-5, Nissan 350Z, BMW Z4, Ford Mustang, Chevrolet Camaro da Dodge Challenger. Mota ce da aka ƙera domin a taka ta, mai ita kuma don haka ya saye ta. Lissafin kimiyya kuwa ba ya sassauci: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikin karo ya ninka sau huɗu. Motar ga ta ƙasa-ƙasa, wanda ke ciki kusan a kwance yake, in ta haɗu da babbar jif ko akori-kura ita ce a ƙasa. Ba banza ba ne motar farko da ta fito da jakar direba da ta fasinja a matsayin kayan da ba sai an biya daban ba ta kasance motar gudu ce, wato Porsche 944 Turbo ta shekarar 1987. Sai da aka yi sama da shekara goma bayan haka, daga motocin ƙirar 1998, sannan dokar Amurka ta wajabta jaka biyu a gaban kowace ƙaramar mota. Hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, NHTSA, ta ƙiyasta cewa jakunkunan gaba sun ceci rayuka sama da 50,000 a ƙasar tsakanin 1987 da 2017.

Abin da ke cikin sitiyari

A tsakiyar sitiyari, ƙarƙashin tambarin kamfani, akwai jakar yadi mai kauri a naɗe, da wani ɗan gwangwanin ƙarfe a bayanta. Cikin gwangwanin akwai sinadari da wani siririn zaren wuta. In na'urorin jin karo suka ji mota ta tsaya da ƙarfin da ya kai na dukan bango a gudun da ya kama daga kilomita 13 zuwa 23 a awa ko fiye, kwamfuta ta aika wuta zuwa zaren, sinadarin ya kama, iskar gas ta cika jakar kafin ƙiftawar ido. Jakar kan fito da saurin da ya kai kilomita 300 a awa, shi ya sa ake son ƙirjin direba ya yi nisan aƙalla santimita 25 da sitiyari, kuma ya ɗaura bel. An yi jakar ne don ta taimaka wa bel, ba don ta maye gurbinsa ba.

Kwamfutar ba ta ganin jakar da ido. Abin da take yi shi ne ta tura 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta isa ta tayar da komai ba, ta auna yadda wayar ke riƙe wutar. Zaren jakar yakan nuna awo tsakanin om biyu da uku. In awon ya haura, ta ɗauka waya ta tsinke ko soket ya saki. In ya yi ƙasa, ta ɗauka wayoyi sun haɗe. Tazarar da aka ba ta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har ɗan tsatsa a bakin soket ya isa ya fitar da awon daga iyaka. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci mafi yawan abin da ke kunna fitilar, ya kuma fahimci yadda ake yaudarar kwamfutar, wanda za mu zo kansa.

Leƙa ƙarƙashin kujera

In mai gyara ya san aikinsa, wuri na farko da zai haska tocila shi ne ƙarƙashin kujera. Zai tura kujerar baya har ƙarshe, ya durƙusa, ya ga wasu wayoyi sun fito daga cikin kafet sun shiga wani soket ruwan ɗorawa. Launin ba ado ba ne. Kusan duk kamfanoni sun ware shi ga wayoyin jakar iska don kada wani ya taɓa su da kuskure. Kusa da soket ɗin sau da yawa za a tarar da gorar ruwa da ta gangaro, da kwalbar turare, da wayar caji da ta sarƙe, da ƙurar shekaru. Duk lokacin da aka ja kujera gaba ko baya, wayoyin nan na miƙewa suna lanƙwashewa. A mota mai ƙofa biyu irin Mustang ko Camaro, inda sai an kifa kujerar gaba kafin wani ya shiga baya, wahalar da suke sha ta ninka. Ga kuma taurin ƙafafun motar gudu, wanda ke sa duk ramin da aka faɗa ya girgiza har soket.

Porsche Boxster ta farko, wadda aka fara sayarwa a 1996, da 'yar'uwarta 911 ta wannan zamanin, sun yi suna da wannan ciwo. Fitilar kan kama haka kawai, in an bincika sai a ga laifin daga makullin bel ne, wato wurin da ake cusa harshen bel ya ce ƙyas. A cikinsa akwai ɗan abin da ke shaida wa kwamfuta ko an ɗaura bel, kuma wayarsa ta ƙarƙashin kujera take bi. Da tafiya ta yi nisa sai bakin wayoyin su daina haɗuwa da kyau. Abin ya yi yawa har kamfanin ya fitar da takardar umarni ga garejinsa: a sauya makullan bel, a sa bakin wayoyi masu ruwan zinariya waɗanda ba sa tsatsa, a kuma gyara wayar da ke kai wuta jikin mota. Masu wannan mota da yawa sun sha zuwa a goge musu fitilar, ta yi sati biyu ta dawo, su sake komawa, domin gogewa kawai ake yi ba a taɓa tushen ba. Wani abin lura a wannan motar da ire-irenta na Jamus shi ne ko an gyara matsalar, fitilar ba ta mutuwa da kanta. Sai an jona na'urar da ke iya magana da kwamfutar jakar an share abin da ta rubuta. Cire kan batir a kwana ba ya share shi.

Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, nata ciwon daban ne. Wadda aka kai Amurka tana da jakar direba, kuma ɗan akwatin da ke kula da jakar yana ɗauke da wasu ƙananan ma'ajiyan wuta da kan tsufa su tsiyaye, su ci allon da suke kai. Fitilarta ƙiftawa take yi, a ƙirga sau nawa ta ƙifta kafin ta huta, adadin shi ne lambar matsalar. A motocin BMW na farkon shekarun 2000 kuwa, abin da ya fi damun mutane shi ne wata siririyar shimfiɗa da ke cikin katifar kujerar fasinja, mai gane ko akwai mutum a kai. Mutum ya dafa gwiwa a kan kujera yana neman wani abu a baya, ya karya zaren da ke ciki, fitila ta kama.

Sai motoci masu buɗaɗɗen rufi. Robar da ke tare ruwa ta bushe, magudanar ruwan rufin ta toshe da ganye da ƙura, ruwan sama ya sami hanya ya kwanta ƙarƙashin kafet inda ido ba ya gani. Nan wayoyin suke. Haka mai wankin mota da ya shiga ciki da tiyo ko ya jiƙa kafet sharkaf zai iya jawo abin da ruwan sama bai jawo ba. Kwamfutar jakar kanta yawanci a ƙasa take, tsakanin kujeru biyu, kusa da giya, kuma in ruwa ya shige ta sai sabuwa.

Akwai kuma dalilin da ya fi kowanne sauƙi, wanda ya fi samun motar gudu saboda ba kullum ake hawanta ba: batir. Mota ta yi wata guda a rufe da tampol, a zo tayarwa wuta ta yi ƙasa, kwamfuta ta rubuta cewa wutar da ta samu ba ta isa ba, ta kunna fitila. A nan gyaran bai wuce batir mai kyau da share lambar ba.

Ciwon sitiyari shi ma yana da alamarsa. Sitiyari juyawa yake, amma dole waya ta kai wuta ga jakar da ke tsakiyarsa. Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne wata waya mai faɗi kamar zaren kaset, a naɗe cikin wani faifan roba a wuyan sitiyari, tana warwarewa in an juya gefe ɗaya, tana naɗewa in an juya ɗaya gefen. Tana tsufa ta tsinke. Amma sau da yawa hannu ne ke tsinka ta: an kwance rak ko an cire sitiyari, aka bar shi ya yi ta juyawa babu abin da ya riƙe shi, aka mayar ba a daidaita tsakiya ba, juyin farko mai zurfi sai ta katse. In fitilar jaka ta kama kuma hon ya daina kuka, ko maɓallan rediyo na kan sitiyari suka mutu, kusan an gama gano mai laifi.

Gyara da rufa-rufa

Matakin farko ba shi da wani madadi: a karanta lambar matsalar. Ƙananan na'urorin da ake sayarwa da araha, waɗanda ake cusawa ƙarƙashin sitiyari a jona da wayar hannu, galibinsu injin kawai suke karantawa. Su nuna babu matsala, alhali ba su ma gaisa da kwamfutar jaka ba. Ana buƙatar na'urar da ta san sashen SRS na wannan ƙirar motar. Ita za ta ce, misali, awon jakar gefen direba ya yi yawa, ko makullin bel na fasinja ba ya amsawa. A rubuta lambar a ajiye kafin a goge. In an goge ta dawo nan take, matsalar tana nan zaune. In sai an yi tafiya ko an motsa kujera take dawowa, to waya ce ko soket ke saki yana kamawa.

Kafin hannu ya taɓa soket ruwan ɗorawa, a kashe mota, a cire kan batir, a jira. Kwamfutar tana da ajiyar wuta da aka yi don jaka ta iya fashewa ko da karo ya katse batir. Toyota kan ce a jira daƙiƙa 90, Honda kan ce minti uku, wasu kamfanonin sun fi haka, littafin motar ne alƙali. Kada a ɗora mitar gwajin wuta ko kwan gwaji kai tsaye a kan wayar jaka, domin wutar da ke cikin mitar na iya tayar da ita a fuskar mai gyara. Jakar da aka ciro kuma a ajiye ta tambari na kallon sama, don in ta tashi kada ta yi tsalle da gwangwanin ƙarfenta.

Duk wannan aiki ne mai buƙatar haƙuri, kuma a nan ake rabuwa. Mai mota ya gaji da ganin jar fitila, mai rewaya ya ce, "Alhaji, ba komai ba ne, sensa ce kawai, bari in kashe maka ita." Hanyoyin kashewar sanannu ne. A kwance allo a cire ƙwan fitilar ko a manna baƙin tef a bayansa. A jona wayarta da ta fitilar mai ko ta caji, yadda za ta kama tare da su ta mutu tare da su. Ko kuma, wanda ya fi duka wayo, a sayo ɗan rezisto mai awon om biyu da ɗoriya a cusa a soket, kwamfuta ta auna ta ga daidai, ta ɗauka jaka na nan lafiya alhali babu komai a wurin. Wannan daidai yake da a ɗaure bakin maigadi saboda ihunsa na hana barci. A ganina duk mai gyaran da ya yi haka bai faɗa wa mai mota gaskiyar abin da ya yi ba, ya ci amana, komai ƙanƙantar kuɗin da ya karɓa.

Masu motar gudu su ma suna da nasu hannun a ciki. Ana son sitiyarin tsere ƙarami irin na Momo, da kujerun tsere masu rungume jiki irin na Recaro ko Sparco, sai a cire na asali da jakunkunansu, a cusa rezisto. A filin tsere wannan yana da ma'ana, domin can direba na da hular kwano, da bel mai ɗamara huɗu ko shida, da kejin ƙarfe kewaye da shi. Wanda ya cire jaka ya fito titi da hular zanna da bel ɗin da ya saba, ya rasa kariyar titi bai sami ta fili ba. In zai sayar da motar kuwa, wajibi ne ya faɗa.

A Ingila, motar da fitilar jakarta ke nuna matsala ba ta cin gwajin shekara-shekara na MOT. Wannan kaɗai ya isa ya tilasta wa mutane gyara.

Yadda abin ya shafe mu

Mustang da Camaro da Challenger da ake gani a titunan Abuja, Kano da Kaduna, akasarinsu na hannu ne daga Amurka, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, irin na Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Motar gudu kuwa ba kasafai take shiga gwanjon da ɗan ƙwarzane ba. Tana sauka Legas ko Kwatano da goshi a lotse, jaka na reto daga sitiyari, bel a ƙage. Mai gyaran jiki ya buga, mai fenti ya fesa, ta fito tana ƙyalli. Tambayar ita ce me aka yi da cikin. Gyaran gaskiya yana nufin sabuwar jaka, sabon bel tunda na farko ya riga ya fizge, na'urorin jin karo da suka bugu, da kwamfutar da aka sauya ko aka share mata tarihin karon. Akwai dillalai masu tsoron Allah da ke yin haka. Akwai kuma waɗanda ke yanke tsohuwar jakar, su liƙe murfin, su rufe da fata, su cusa rezisto.

Saboda haka mutuwar fitila ba shaida ba ce a kasuwarmu. Mai saye ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba, ya zuba ido. Fitilar da ba ta kama ba sam, an cire ta. Wadda ta tsaya har sai injin ya tashi sannan ta mutu lokaci ɗaya da fitilar mai, an yi mata jone. Ta gaskiya da kanta take mutuwa, ko injin bai tashi ba. A duba murfin sitiyari da allon gaban fasinja, ko launinsu ya bambanta da sauran, ko an rufe su da sabuwar fata. A ja bel har ƙarshe a ga ko yana komawa. A sa lambar jikin motar a intanet, sau da yawa hotunan gwanjonta na nan, a gan ta yadda take kafin fenti. Sannan a kai ta wurin mai kwamfutar da mai saye ya zaɓa, ba wanda dillali ya nuna ba.

Neman jakar da za a mayar ma sai da lura. A kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna ana samun jakunkunan da aka ciro daga wasu motoci, amma ido ba ya gane wadda ta kwana cikin ambaliya ko wadda ba ta wannan ƙirar ba ce. Ga kuma jabu. Tun 2012 NHTSA ta yi gargaɗi a kan jakunkunan jabu masu ɗauke da tambarin kamfani, waɗanda a gwaji wasu suka ƙi buɗewa, wasu suka yi aman wuta da ɓaraguzan ƙarfe. A 2024 ta sake gargaɗi bayan mutum uku sun mutu a motocin hannu da aka sa wa irin waɗannan kayan bayan haɗarin farko. Araha ba ta ado.

Wasu kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma wanda ke zaune a kujerar fasinja, matarka ce ko ƙaninka ko abokinka, bai san an cusa rezisto a gabansa ba, balle ya zaɓa.

Haɗarin da fitila ba ta gani

Akwai matsala ɗaya da kwamfuta ba ta iya ganowa ko da komai na aiki daidai, kuma ya kamata duk mai tsohuwar motar Amurka ya san ta. Kamfanin Takata na Japan ya yi shekaru yana cika gwangwanin jaka da sinadarin amoniyam naitiret, wanda zafi da laima ke lalatawa a hankali. In ya lalace, maimakon ya ƙone daidai sai ya tarwatsa gwangwanin, ƙarfe ya watsu a fuska da wuyan direba. An yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, mutane sama da ashirin sun mutu a can, kamfanin ya amsa laifi aka ci shi tarar dala biliyan ɗaya, ya kuma durƙushe a 2017. Zaren wutar irin wannan jaka lafiyarsa ƙalau, don haka awo kan fito daidai, fitila ta mutu yadda ta saba.

Motocin gudu na cikin jerin. Kamfanonin da suka ƙera su sun kai ga cewa kada ma a tuƙa waɗanda ba a gyara ba: Dodge Challenger ta 2008 zuwa 2010, BMW M3 da sauran jerin 3 na 2000 zuwa 2006, da Ford Mustang ta 2005 zuwa 2014. Motar da ta bar Amurka kafin a sauya mata jaka, wasiƙar kiranye ba za ta biyo ta Najeriya ko Nijar ba, ga shi kuma ta zo ƙasar zafi, wadda ta zauna a Legas ko Kwatano ta sha laima.

In kana da irin wannan mota, duba ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, za ka ga lambar jiki mai haruffa da lambobi 17. Shigar da ita a shafin kiranyen motoci na NHTSA ko na kamfanin da ya ƙera motar. Kyauta ne, kuma nan take zai nuna maka ko akwai gyaran jaka da ba a yi ba. In akwai, nemi wakilin kamfanin kafin ka sake ɗaukar kowa a cikinta.